Ruwan da Na Zuba a Kwalba Ta Bakwai

'Yan uwa masu karatu, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, masu taya ni murna da masu tambayar kalar kayan da zan saka ranar da manyan mai nemana za su zo. Na gode. Sai dai yau ba labarin kaya na zo da shi ba. Wani abu na aikata ranar Talatar da ta wuce, da hannuna, ina cikin hankalina. Idan kun gama karantawa kuka zage ni, ba zan ga laifinku ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, ina digiri na biyu a kan halittun ruwa. Makaranta ce ta tura ni ɗakin gwaji na hukumar kula da ruwa in yi bincikena a can. A gida Likitar Kifi suke ce mini. Umma ta daɗe tana cewa ita ba ta san me ta yi wa kifi ba da ya hana 'yarta aure, sa'o'ina duk sun goya biyu biyu, ni kuwa kullum sai in dawo da ƙarni a hannun riga.

A wannan ɗakin gwajin na haɗu da shi. Shi ne jami'in da ke riƙe da wurin. Dogo ne siriri mai gilashi, kullum hannun rigarsa a naɗe zuwa gwiwar hannu, biro uku a aljihun gaba. Malam Daidai na sa masa a wayata, domin idan ka tambaye shi ƙarfe nawa ba zai ce maka huɗu saura ba, sai ya ce uku da minti hamsin da biyu. Ranar da ya fara faɗa mini abin da ke ransa ma a saƙo ya turo: "Wata biyar ina duba lamarin nan, sakamakon bai canza ba. Ina son ki." Na yi dariya har da riƙe ciki, sannan na zauna a bakin gado na karanta shi sau ya fi goma.

Asabar mai zuwa ce aka tsayar manyansa za su zo wurin Abba. Tun da aka sa ranar Umma ba ta zauna ba. An sauke tsofaffin labulen falo an ɗaura sababbi ruwan zuma, an fitar da kujeru rana an kakkaɓe, kofunan gilashi masu bakin zinare da suka shekara goma a kabad ba mai taɓa su an wanke su an jera a kan tire. Tela ya kawo doguwar rigata mai ruwan ganye, Umma ta mayar masa sau biyu saboda wuyan.

"Saura ki zo mini da wani zancen kifi a satin nan," in ji ta. "Na rantse sai na jefa ki kogin ki je ki aure su."

Da ta san zancen kifin da ke tafe, da ba ta yi wannan wasan ba.

Aikinmu mai sauƙin faɗa ne. Wurare goma muka ware a bakin kogin da ya ratsa gari, daga sama inda ruwa ke shigowa har ƙasa inda yake fita. Lokaci lokaci mukan bi su mu ɗebi ruwa a kwalabe, mu sayi kifi a hannun wani dattijo da muke kira Baba Masunci, mu dawo mu duba. Ba dattin da ido ke gani muke nema ba. Ragowar magungunan mutane muke nema, irin na ciwon jiki, da na kashe ƙwayoyin cuta, da na tsarin iyali. Ba su da launi a ruwa, ba su da wari. Za ka ga ruwa garau har ka yi sha'awar wanke fuska da shi, alhali kifin da ke ciki yana shan magani safe da yamma ba tare da likita ya rubuta masa ba.

Baba Masunci ne ya fara nuna mana wuri na bakwai, ƙasa da babbar gada, inda wata kwata ta siminti ke zuba cikin kogi.

"'Yar nan, shekara arba'in ina jefa raga a nan," ya ce, yana nuna gefen ruwa da haɓa. "Da idan kika sa ƙafa, 'ya'yan kifi ne za su yi ta yi miki cakulkuli. Yanzu saka ki gani."

Na cire takalmin roba na saka. Babu abin da ya taɓa ni.

"Manyan da suka rage ma sun zama wawaye. Inuwar mutum ba ta korar su. Ni ba na jin daɗin kama kifin da ba ya gudu."

Da muka koma ɗakin gwaji na tsaga karfasa ashirin na wurin. Ƙodar da ya kamata ta yi ja ta kumbura ta yi fari fari, hanta ta yi laushi kamar burodin da ya jiƙa. Na ɗauki wani namiji, namiji sosai ba shakka, na yanki ɗan tsoka daga inda yake tara irinsa na sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ƙwai na gani. Ƙananan ƙwai a jere a cikin jikin namijin kifi. Na kira Malam Daidai, ya cire gilashi ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Nawa a cikin nawa?" ya tambaya.

"Maza goma sha ɗaya ne. Bakwai haka suke."

"Shi ya sa babu 'ya'ya," ya ce a hankali. Ranar ko abincin rana ba mu ci ba.

Da farko asibitin da ke can sama muka zarga. Amma ruwan kusa da asibitin bai kai na wuri na bakwai muni ba. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne ba kullum maganin ke yawa a can ba. Yawancin ranaku kaɗan ne, sai sau biyu da ya yi tsalle ya ninka sau ɗari da wani abu. Malam Daidai ya ce idan ya ƙara yi a karo na uku, to ba tsautsayi ba ne, wani ne ke zubawa, kuma hukuma za ta bi kwatar nan da ƙafa har ta ga inda ta fito.

Yanzu sai in gaya muku wane ne Abba.

Abba mai shagon magani ne, a layin masu magani da ke bayan kasuwa. Shekara talatin da ɗaya yana wurin. Ba shi ne mai shago mafi girma ba, amma idan rigima ta tashi a layin wurinsa ake zuwa. Ina da shekara shida wata mata ta shigo shagonsa da kwalbar maganin tari a hannu, ba mayafi, ba takalmi. A tasha ta saya wa 'yarta, an kankare kwanan watan da ke jiki. Yarinyar ba ta kwana ba. A gindin kwalbar akwai hatimin shagon Abba. Maganin da wa'adinsa ya ƙare ne, ya zuba a bola kamar yadda kowa ke yi a lokacin, masu tsince-tsince suka kwashe suka sayar.

Umma ta ce kwana uku ya yi bai yi magana da kowa ba. A rana ta huɗu ya sayo shuɗin duro na roba mai famfo a gindi, ya kafa shi a bayan shago. Ya rantse babu wani magani da wa'adinsa ya ƙare da zai ƙara fita daga hannunsa da kamanninsa. Sai ya ɓare kati kati, ya daka ƙwayoyin, ya tsiyaye na ruwa, ya narkar da duka a duro, ya buɗe famfo su bi kwata. A hankali duk layin suka fara kawo masa nasu, shago ashirin da wani abu. Lahadin farko na kowane wata ake yi. A gidanmu ranar ɓara muke ce mata. Ni na fi kowa sauri, babban yatsana har kanta ya yi saboda ɓare kati. Abba yakan zauna a kan benci yana juya duro da muciya yana cewa, "Kowane kati kika ɓare, Auta, ran wani yaro kika tsare." Da wannan alfaharin na girma. Sai da na shiga jami'a na daina zuwa.

Ranar Talata Malam Daidai ya fita taro. Ya bar mini kwalaben watan jiya, waɗanda suka daɗe a firiza suna jiran a gyara injin awo, ya ce in narkar da su in tace kafin ya dawo. Ina jiran ƙanƙara ta saki na buɗe kwamfuta ina kallon tsofaffin sakamako, haka kawai. Idona ya sauka a kan ranakun nan biyu da magani ya yi tsalle. Litinin. Ɗayan ma Litinin. Na jawo kalandar bango na koma baya da yatsa. Duka biyun washegarin Lahadin farko na wata ne.

Na juya kwalba ta bakwai da ke gabana na karanta takardar jikinta. Ita ma Litinin ce, washegarin ranar ɓara.

Wallahi ban taɓa haɗa su ba. Sau nawa na tsaya a bakin kwatar nan da safar hannu, ban taɓa tambayar kaina ta bayan wane layi ta biyo ba. Na zauna a kan kujerar ƙarfe. Na hango motar hukuma a layin masu magani, an manna jar takarda a ƙofar shagon Abba, mutanen da suke miƙewa idan ya shigo suna leƙe ta taga. Na hango Abba da farin gemunsa ana yi masa tambayoyi a tsaye. Kuma hannun wa ne zai kasance a ƙasan rahoton? Na mutumin da manyansa za su zauna a falonmu.

Ba zan ce muku shaiɗan ne ba, ni ce. Na tashi na rufe ƙofa. Na tsiyaye kashi uku cikin huɗu na ruwan kwalbar a wurin wanke hannu, na cika ta da tataccen ruwa, na girgiza, na goge jikinta da tsumma. Minti biyu ba su cika ba. Da ya dawo na miƙa masa tire da kwalabe goma a jere, har da tambayarsa ya taro.

Laraba shiru. Alhamis da hantsi ban gan shi a ofis ba, aka ce ya fita tun safe. Ina cin abinci a gaban tebur saƙonsa ya shigo.

"Gobe bayan la'asar zan zo gida. Akwai magana."

Na rubuta, "Lafiya dai?" har da ɗan hoton murmushi.

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Daga ƙarshe kalma biyu ya turo: "Sai goben."

Umma da ta ji zai zo sai ta ce dole in gwada sabuwar rigar, wai a ga yadda za ta zauna a jiki. Na ce ta Asabar ce. Ta ce to in sa mai ruwan toka da farin mayafi, in kuma shafa wani abu a fuskar nan da ta yi kamar ta mai jinya. Ta kunna turare a falo, ta jera lemo da ruwa da yankakkiyar kankana a tire, a cikin kofunan nan masu bakin zinare.

Ya shigo da sallama, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta yi ta sa masa albarka, ta ce ya ƙara ramewa, aiki ne ko zumuɗi? Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Da ta fita ta ja mana labule, ya zauna a bakin kujera, bai taɓa komai a tiren ba. Takalminsa da ya bari a ƙofa na gani duk busasshen taɓo.

Ya ciro ƙaramin littafinsa na aljihu ya buɗe ya ajiye a kan teburin tsakiya.

"Kin san duk inda muka ɗebi ruwa ina auna gishirinsa tun a bakin kogi in rubuta a nan."

Na ce na sani.

"Na sake auna na kwalba ta bakwai shekaranjiya. Kashi ɗaya cikin huɗu ya rage. Kogi ba ya rage gishirinsa a cikin firiza."

Na kafa ido a kan kafet.

"Mutum biyu ne suka taɓa kwalbar nan. Ni ban yi ba." Ya rufe littafin. "Ban yi fushi ba da farko, tsoro na ji. Na ce me zai sa ki? Shi ya sa jiya na sa takalmi na shiga kwatar daga bakin kogi na bi ta. Awa biyu da kwata. Ta kai ni bayan wani shago mai shuɗin duro."

"Don Allah..." na ce.

"Na san shagon. A kan bencin wurin na zauna ranar da na je gaishe da Abba."

Hawaye suka zubo mini, na danne bakina da mayafi kada Umma ta ji daga kicin. Na ce masa bai san dalilin duron ba. Na ba shi labarin matar da ba takalmi, da yarinyar, da kwana ukun da Abba bai yi magana ba. Ya saurara har ƙarshe, hannayensa a haɗe tsakanin gwiwoyi.

"Mutumin kirki ne," ya ce. "Ban taɓa shakka ba. Amma kin ga kifin da idonki."

"Kifi ne fa. Shi kuma mahaifina ne."

Da na faɗi haka ni kaina sai da na ji kunya, ni da na shekara biyu ina wa mutane bayanin cewa ba kifi ne kawai ba, akwai masu ɗiban ruwan nan a ƙasa, akwai irin su Baba Masunci da ke ci da iyali daga ciki. Bai maimaita mini ko ɗaya ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

"Akwai ragowar ruwan ranar da na ajiye daban a ƙasan firiza," ya ce. "Na auna shi. Ya fi na farko biyun yawa. Ranar Litinin ƙarfe tara rahoto zai hau sama da lambar gaskiya."

"Ko da na roƙe ka?"

"Ko da kin roƙe ni." Ya cire gilashi ya goge da gefen riga, a nan na ga idonsa ya yi ja. "Abin da kika yi wa kwalbar, ban rubuta ba tukuna. Ina so ke ki rubuta da hannunki a littafin ɗakin gwaji, ki sa hannu. Idan kika yi, kuskure ne da mai shi ta gyara. Idan ni na rubuta, sunansa daban ne, kuma makarantarku za ta ji."

"Zuwan manyanka Asabar ta sama fa?"

"Ban fasa ba. Ina son ki yau kamar yadda nake son ki ranar Litinin da ta wuce. Amma ba zan zauna a gaban Abba in karɓi amanarki ba alhali bai san takardar da na sa wa hannu ba. Ko ki gaya masa, ko ki ba ni izini in gaya masa."

Umma ta ɗaga labule da fara'a. "Af, ba ku taɓa komai ba? Ko kankanar ba ta yi zaƙi ba?"

Ya ɗauki yanka ɗaya don kunyarta.

Washegari Asabar na yini ina zagaye Abba. Na kai masa shayi, na goge masa takalmi, na tsaya a ƙofar ɗakinsa har ya ɗago daga jarida ya ce, "Auta, kuɗin tela ne?" Na ce a'a, na juya. Da yamma na rubuta wa Malam Daidai, "Na kasa." Ya amsa, "Gobe Lahadin farko ce." Sai a lokacin na tuna.

Da safe na tarar Abba ya riga ya fita. Na zura doguwar riga baƙa da silifas, ko fuska ban wanke sosai ba, na ce wa Umma zan kai masa abin kari. Ta bi ni da kallo ta ce yau kuma wace rana. Layin masu magani shiru, duk shaguna a rufe, sai nasa da aka ɗaga ƙofar rabi. Na sunkuya na shiga, na wuce kanta na fita ta ƙofar baya.

Yana zaune a kan benci da tsohuwar rigarsa ta aiki da ƙyalle a hanci. Kwalaye a tare a gefe, kowanne da sunan shagon da ya kawo. Fankon katuna sun cika buhu biyu. Duron ya kusa cika, ruwan ciki ya yi kauri, launinsa tsakanin ruwan hoda da ruwan ƙasa, ɗacinsa har a harshe ake ji. Famfon a rufe yake tukuna.

Da ya gan ni fuskarsa ta washe. Ya sauke ƙyallen.

"Ikon Allah! Likitar Kifi ta tuna da ranar ɓara. Zo ki zauna, ga sauran kwali ɗaya, mu gani ko yatsan yana nan."

Na ajiye kwanon na durƙusa a gabansa, a kan simintin da ke jiƙe.

"Abba, don Allah kada ka buɗe famfon nan."

Ya dube ni, muciya a hannu. Na fara. Ban tsara komai ba, yadda ya zo haka na zubar. Na gaya masa inda kwatar ke ƙarewa. Na gaya masa maganin ba ya mutuwa don an narkar da shi, tafiya kawai yake yi. Na buɗe wayata na nuna masa hoton ƙodar da ta kumbura, da na namijin kifi mai ƙwai, na faɗa masa abin da Baba Masunci ya ce game da 'ya'yan kifi. Ya karɓi wayar ya nisanta ta daga idonsa saboda bai zo da gilashi ba. Ya daɗe yana kallo.

"Na tsarin iyali ne ke yin wannan?" ya tambaya.

"Shi ne, Abba."

"Kwali huɗu na zuba yau." Ya juya ya kalli duron. "Shekara ashirin. Wata goma sha biyu a shekara." Leɓensa na motsi, ban san ko lissafi yake ko salati ba. "A ƙasan gadar akwai masu ɗiban ruwa?"

"Akwai."

"Da yara?"

Ya jingina muciyar a bango a hankali, ya zauna sosai a kan bencin kamar wanda ya yi doguwar tafiya. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar.

"Yaron nan ya sani?"

"Ya sani. Gobe ƙarfe tara zai miƙa rahoto. Za su zo, Abba. Wataƙila su rufe shagon."

"To ai aikinsa ke nan," ya ce. "Da ya ɓoye da na raina shi."

A nan ya kamata in yi shiru. Ya riga ya ɗauki nasa kayan, babu wanda zai gaya masa saura. Amma maganar da ya yi ta soke ni, na ji idan na tashi daga wurin nan da ita a cikina ba zan ƙara iya haɗa ido da shi ba.

"Ni na ɓoye, Abba."

Ya ɗago.

"Na zubar da ruwan kwalbar na cika ta da mai kyau, don kada a gane. Shi ya kama ni."

"Kika canza abin da aka ba ki amana ki auna?"

"Saboda kai na yi. Na ji tsoron..."

"Saboda ni." Ya maimaita a hankali. Bai ɗaga murya ba. Lokacin da na nuna masa kifin idonsa a bushe yake, yanzu kuwa na ga ruwa ya taru a ciki. "A gidana kika koyi wannan, Auta? A wurin wa?"

Na kifa kaina a gwiwarsa ina kuka, ina ba shi haƙuri. Bai ture ni ba, bai kuma dafa kaina ba kamar yadda ya saba. Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya ce in nemo masa lambar yaron. Na danna na miƙa masa. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Lafiya lau, ɗana. Kana kusa? To ka zo shago yanzu, ta baya. Ka taho da kwalabenka, ka ɗiba daga cikin duron kansa, ba sai ka wahala a kwata ba. Ka zo mini kuma da bayanin inda ake kai irin wannan, don ni ban san inda zan kai shi ba." Ya saurara kaɗan. "A'a. Sunana za ka rubuta, cikakke. Sauran shagunan ni na ce su kawo."

Ya kashe wayar. Ya tashi ya yayyago leda daga jikin buhu, ya durƙusa da ƙyar ya ɗaure bakin famfon tam, ya ƙara ɗauri na biyu. Yana durƙushe a wurin, bayansa gare ni, ya yi maganar.

"Tashi ki je gida. Ki ce wa mahaifiyarki ta aika a dakatar da mutanen Asabar."

"Abba, ba laifinsa ba ne, wallahi shi..."

"Na san ba laifinsa ba ne. Shi na san wanda zan ba wa." Ya ja ledar ya ƙulle. "Wadda zan bayar ce ban sani ba tukuna."